Yadda Za Ka Shirya Wa'azin Jana'iza Daga Labarin Mutuwar Musa

Wannan rubutu na masu bishara ne da fastocin da ba su daɗe da fitowa daga makarantar Littafi Mai Tsarki ba, da kuma dattijan ikkilisiya waɗanda wa'azin jana'iza kan faɗo musu ba shiri domin fasto ya yi tafiya. Na yi hidima shekaru masu yawa a ƙananan majami'u na karkara, inda ake rasuwa da dare a yi biso kafin rana ta yi zafi washegari, kuma mai wa'azi ba shi da lokacin shiri sai 'yan sa'o'in da ke tsakanin zuwan labari da wayewar gari. A irin wannan dare yawancinmu mukan ruga zuwa Zabura 23 ko Yahaya 14, kuma ba laifi. Amma akwai wata irin rasuwa da waɗannan nassoshi ba sa taɓa ciwonta kai tsaye, wato rasuwar mutumin da ya bar aiki a tsakiya. A nan ne nakan buɗe Maimaitawar Shari'a sura 34, labarin mutuwar Musa da binne shi. Zan nuna maka yadda nake bi da ita.

Fara da tambayar kanka ko surar ta dace da wannan mamaci. Ba kowace jana'iza ce take ɗaukarta ba. Kada ka kai ta wurin bison jariri, ko matashin da hatsarin mota ya ɗauke, ko wanda aka kashe. Uwar da ta rasa ɗan shekara 19 ba ta bukatar jin labarin dattijon da ya cika shekara 120. Surar ta dace da wanda ya yi wa mutane ɗawainiya mai tsawo, ya kusa ganin amfanin wahalarsa, sai aka kira shi. Na tuna wani dattijo da ya jagoranci ginin majami'armu, shi ne mai bin gida gida yana tara buhunan masara da dawa a sayar a sayi siminti, ya rasu gini yana daidai kan taga, ba a ɗora kwano ba. Na tuna wata uwa da tuyar ƙosai ta biya wa 'yarta kuɗin makaranta har shekarar ƙarshe ta karatun aikin jinya, ta rasu saura watanni a yaye su. A gidajen makoki irin waɗannan, maganar da za ka riƙa ji a bakin masu ta'aziyya ita ce, "Kai, da ma ya ga ƙarshen abin nan." Idan ka ji wannan magana tana yawo, to sura 34 ce nassinka.

Abin da za ka karanta kafin ka rubuta ko kalma ɗaya

Surar gajeriya ce, ayoyi 12 kacal, shi ya sa mutane ke tsammanin za su iya wa'azi a kanta daga karatu ɗaya. Kada ka fara da ita. Fara da Littafin Ƙidaya sura 20, ka karanta ta duka. A cikinta Maryamu yayar Musa ta mutu a Kadesh aka binne ta, a cikinta aka yi rikicin ruwan Meriba, a ƙarshenta kuma Haruna ya mutu a kan Dutsen Hor bayan an tuɓe masa rigunan firist an sa wa ɗansa Ele'azara. Daga nan ka je Ƙidaya 27:12-23, inda Allah ya fara gaya wa Musa cewa zai hau dutse ya ga ƙasar ya mutu. Sai Maimaitawar Shari'a 3:23-28, sai 31:1-8, sai 32:48-52. Bayan waɗannan ne za ka karanta sura 34, ka zarce har Joshuwa 1:1-9 ba tare da tsayawa ba. Duka ba zai ci maka rabin sa'a ba, kuma idan ka bi wannan jeri za ka iso Dutsen Nebo, inda Musa ya hau ya hango ƙasar alkawari, kana ɗauke da nauyin da ya iso da shi.

Ka lura da lissafin lokaci, domin yana da amfani ga iyalin da mutuwa ta yi ta bi a jere. Ƙidaya 33:38-39 ta ce Haruna ya mutu ran ɗaya ga wata na biyar a shekara ta 40 bayan fitowa daga Masar, yana da shekara 123. Maimaitawar Shari'a 1:3 ta ce Musa ya yi wa jama'a jawabinsa na ƙarshe ran ɗaya ga wata na 11 na wannan shekara. Joshuwa 4:19 kuma ta ce jama'a sun haye Kogin Urdun ran 10 ga wata na fari. Wato Musa ya binne ɗan'uwansa watanni kaɗan kafin nasa lokaci, kuma tsakanin jawabinsa na ƙarshe da hayewar kogin bai wuce wata biyu da 'yan kwanaki ba. Bayan shekara 40 ana yawo a jeji, abin da ya rage masa bai kai damina guda ba. Ka riƙe wannan, shi ne zai sa masu sauraro su ji cewa nassin ya san halin da suke ciki.

Idan za ka sanar da wurin karatu, ka ambaci sunan littafin iri biyu. Tsofaffinmu da ke riƙe da tsohuwar fassarar 1932 sun san shi da Kubawar Shari'a, matasa kuma Maimaitawar Shari'a suka sani. Ka ba su lokaci su buɗe. Kuma ka gwada furta sunayen wuraren da ke ayoyi 1 zuwa 3 a ɗaki kafin ka fito: Fisga, Gileyad, Dan, Naftali, Ifraimu, Manassa, Yahuza, Negeb, Zowar. Mai karatu da ke tuntuɓe a kan sunaye yakan sa jama'a su daina sauraro tun kafin a kai ga wa'azi.

Ka sa su ga dutsen

Dutsen Nebo yana nan har yau a ƙasar Jodan, kusa da garin Madaba, gabas da Kogin Urdun. Tsayinsa ya haura mita 700 bisa teku, alhali Tekun Gishiri da ke ƙasansa ya fi mita 400 ƙasa da teku. Saboda haka wanda ya tsaya a bisansa yana leƙa kwari mai zurfin gaske, yana ganin Yariko da korayen itatuwanta a ƙetare, idan sararin sama ya washe kuma har tuddan Urushalima akan hango. Kiristoci sun gina majami'a a wurin tun ƙarni na huɗu, kuma wata mata mai ziyarar wurare masu tsarki, Egeriya, ta hau shi a wajen shekara ta 384 ta rubuta abin da ta gani. 'Yan ɗarikar Faransiskan ne ke kula da wurin tun farkon shekarun 1930, Paparoma John Paul na Biyu kuma ya tsaya a can a shekara ta 2000.

Ba duka wannan za ka zuba a wa'azi ba. Jimla biyu sun isa. Abin da kake so jama'a su gane shi ne Musa bai hango ƙasar a mafarki ba. Da idonsa ya gan ta, a kusa, tafiyar yini ɗaya ga mai ƙafa. Aya ta 7 ma ta nanata cewa idonsa bai dushe ba, ƙarfinsa bai ragu ba. Da ƙafarsa ya hau dutsen. Ba tsufa ne ya hana shi shiga ba, ba ciwo ba. Allah ne ya ce masa, na bar ka ka gani da idonka, amma ba za ka haye ba.

Wurin da ya fi wuya, kuma kada ka tsallake shi

A nan ne mai wa'azi ke bukatar hankali fiye da ko'ina. Me ya sa Musa bai shiga ba? Nassi bai ɓoye ba. A Meriba jama'a suka rasa ruwa suka tasar masa, Allah ya ce ya ɗauki sanda ya yi wa dutse magana a gabansu. Musa ya tara su, ya kira su 'yan tawaye, ya ce ko mu ne za mu fitar muku da ruwa daga dutsen nan, ya ɗaga hannu ya bugi dutsen sau biyu. Ruwa ya fito, jama'a da dabbobinsu suka sha. Amma Allah ya ce wa shi da Haruna, tun da ba ku gaskata ni ba har ku ɗaukaka tsarkina a idon Isra'ilawa, ba ku ne za ku kai wannan taro ƙasar ba.

Akwai ramuka biyu a nan. Na farko shi ne ka share maganar Meriba gaba ɗaya don kada ran kowa ya ɓaci. Idan ka yi haka, wani dattijo ko wata uwa a zumuntar mata da ta san nassi za ta lura ka yi tsallake, kuma za ta ɗauka kana ɓoye wani abu game da mamacin. Na biyu ya fi muni, wato ka bar mutane su fita da tunanin cewa mamacin ma wani laifi ya yi shi ya sa Allah ya katse masa hanzari. A garuruwanmu, inda da ma ba a rasa mai raɗa cewa mutuwar nan ba banza ba, wannan magana za ta iya bin iyali shekaru. Saboda haka sai ka faɗa da bakinka, a fili, ba da habaici ba: "Game da Musa, Allah da kansa ya faɗi dalili. Game da Baba, Allah bai gaya mana komai ba, kuma ba wanda ke da izinin ƙirƙiro dalili." Ka maimaita ta idan ka ga da bukata. Yesu ma ya ƙi irin wannan lissafi a Luka 13, da aka kawo masa labarin mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa.

Sannan ka nuna musu yadda Musa ya karɓi hukuncin, domin darasin yana nan. Bai karɓe shi cikin sauƙi ba. A Maimaitawar Shari'a 3 shi da kansa ya ba da labari cewa ya roƙi Allah ya bar shi ya haye ya ga kyakkyawar ƙasar nan, da tuddai, da Lebanon. Amsar da ya samu ita ce, ya isa, kada ka ƙara yi mini magana a kan wannan. Wannan fa mutumin ne da ya tsaya tsakanin Allah da jama'a bayan ɗan maraƙin zinariya, ya ce idan ba za a gafarta musu ba a shafe sunansa daga littafi, aka kuma ji roƙonsa. Ya roƙa wa mutane aka ba shi, ya roƙa wa kansa aka hana shi. Ni dai ban taɓa karanta wannan wuri ba tare da zuciyata ta yi nauyi ba, kuma ba na ƙoƙarin sauƙaƙa shi a gaban jama'a. A cikin rumfar akwai matar da ta yi azumi da addu'a a bakin gadon mijinta a asibiti, ta tara zumuntar mata suka roƙa, aka ce mata a'a. Tana bukatar ta ji cewa annabin da Allah ya yi magana da shi fuska da fuska ma an taɓa ce masa a'a, kuma hakan bai zama alamar an yashe shi ba. Shaidar ita ce aya ta 5 a sura 34 ba ta ce mai laifin Meriba ya mutu ba. Cewa ta yi Musa bawan Ubangiji ya mutu. Kuma wanda ya hana shi shiga, shi ne ya tsaya tare da shi a kan dutsen yana nuna masa ƙasar yanki yanki, daga arewa har kudu.

Idan kana son aya ɗaya da ta riƙe gefen biyu na maganar, Zabura 106:32-33 ce. Ta ce jama'a ne suka ɓata masa rai har abin ya shafe shi, ta kuma ce shi ma ya yi magana da garaje. Ba ta wanke shi ba, ba ta kuma ɗora masa duka ba.

Kabarin da ba wanda ya sani

Aya ta 6 ta ce an binne shi a kwari cikin ƙasar Mowab, daura da Bet-feyor, kuma ba wanda ya san kabarinsa har wa yau. Yadda yawancin masu fassara suka fahimta, Ubangiji ne da kansa ya binne shi. Ka tsaya a nan ka bar maganar ta zauna. Ba ɗa a wurin, ba Joshuwa, ba dattawa 70. Haruna ya mutu ɗan'uwansa da ɗansa suna kusa da shi, Musa kuwa ya hau shi kaɗai. Ga iyalin da ba su samu kasancewa kusa da nasu a lokacin fitar rai ba, ɗa yana Legas ko Fatakwal, 'ya tana gidan miji a wata jiha, wannan aya magani ce. Mutane da yawa suna ɗauke da ciwon cewa ba su iso a kan lokaci ba. Ka gaya musu cewa wanda ya mutu cikin Ubangiji bai mutu shi kaɗai ba ko da ɗakin babu kowa.

Me ya sa aka ɓoye kabarin? Nassi bai faɗa ba, kuma ka gaya wa jama'a cewa bai faɗa ba. Amma masu nazari tun dā sun ga alama a wurare biyu. Feyor ɗin da aka ambata, wurin ne Isra'ilawa suka faɗa bautar Ba'al a Ƙidaya 25, annoba ta kashe mutum 24,000. Sannan a 2 Sarakuna 18:4, Sarki Hezekiya ya farfashe macijin tagulla da Musa ya ƙera, domin mutane sun mai da shi abin ƙona wa turare. Idan abin da hannunsa ya ƙera ya zama gunki, ina ga ƙasusuwansa? Ni na yarda da wannan fahimta, amma nakan gabatar da ita a matsayin fahimta.

Yanzu ga abin da nake roƙonka ka yi da hikima. Jana'izarmu ta Kirista tana ƙara tsada. Ana ajiye gawa makonni a asibiti ana biya kullum, a sayi akwati mai tsada, a fitar da anko, a buga kalanda da hoton mamaci, a yanka saniya, a yi wa kabari tayil, bayan an watse kuma gwauruwa ta zauna da bashi, a sayar da gonar da marayu za su ci. Na ga haka da idona, kuma yana ci mini rai. Sura 34 tana da magana a kan wannan, domin babban annabin Isra'ila ba shi da ko dutse a kan kabarinsa. Amma ranar biso ba ranar faɗa ba ce. An riga an kashe kuɗin, iyali suna zaune a gabanka cikin ankonsu, idan ka taɓo maganar kunyata su kawai za ka yi. Ka ajiye wannan koyarwa sai wata Lahadi da ba a yi rasuwa ba, ko taron dattijai. Kuma ko a can ka yi adalci: kai gawa gida ba zunubi ba ne. Yusufu ya ɗauki gawar Yakubu daga Masar har kogon Makfela, Musa kansa ya fito da ƙasusuwan Yusufu daga Masar, aka binne su a Shekem bayan shekaru. Abin da za ka koyar shi ne darajar mamaci ba ta rataya a kan kabarinsa ba.

Akwai kuma iyalan da wannan aya ta zama tasu ta wata hanya mai zafi, waɗanda aka sace nasu ko aka kashe a daji ba a samu gawa ba, ko rikici ya raba su da ƙauyen da kaburburan iyayensu suke. Idan an kira ka sujadar tunawa da irin wannan mamaci, aya ta 6 kaɗai ta isa wa'azi. Mutum bai san wurin ba, Allah ya sani.

Kwana 30, sannan Joshuwa

Isra'ilawa sun yi makokin Musa kwana 30 a filayen Mowab, kamar yadda suka yi wa Haruna. Al'umma guda, ƙasar alkawari tana gabansu, suka tsaya wata ɗaya suna kuka, Allah kuma bai tsauta musu ba. Ka faɗi wannan domin masu cewa mai bi ba ya kuka. Na sha jin ana ce wa gwauruwa ta yi shiru tun gawa ba ta bar gida ba, wai kuka rashin bangaskiya ne. Ba haka nassi ya koyar ba. Amma aya ta 8 ta ƙara da cewa kwanakin makokin suka ƙare. Suna da farko, suna da ƙarshe.

Daga nan sai ka juya ga masu rai, kuma nan ne ya kamata wa'azinka ya fi ƙarfi. Koma Ƙidaya 27. Da aka gaya wa Musa zai mutu, abin da ya fara roƙa shi ne Allah ya naɗa wani a kan jama'a don kada su zama kamar tumakin da ba makiyayi. Yana da 'ya'ya biyu, Gershom da Eliyezer, bai nema wa ko ɗayansu kujerar ba. Ya tsai da Joshuwa ɗan Nun a gaban Ele'azara firist da dukan taro, ya ɗibiya masa hannu tun yana da rai, kowa yana gani. Shi ya sa aya ta 9 a sura 34 ta ce jama'a suka saurari Joshuwa. Ba a yi rikicin gado a bakin Urdun ba domin an gama maganar kafin mutuwa ta zo. Sai Littafin Joshuwa ya buɗe da maganar Allah: Musa bawana ya mutu, yanzu fa ka tashi ka haye.

Ka kawo wannan kan aikin da mamacin ya bari, ka kira shi da sunansa. Idan gini ne, ka ce gini. Idan karatun yara ne, ka ce karatun yara. A jana'izar dattijon da na ambata, abin da na tambayi matasa shi ne wa zai ɗauki littafin da yake rubuta gudummawa a ciki. Tambaya irin wannan tana da amsa, kuma mutum zai iya ɗaga hannu. Ka kuma yi wa dattawan da ke zaune a layin gaba magana da ladabi: "Iyayena, wa kuka ɗibiya wa hannu? Wa ya san iyakar gonakinku? Wa ya san inda takardun fili suke?" Da yawa cikin rigimar da ke raba 'yan'uwa bayan biso, rashin wannan ne.

Maƙwabtanmu Musulmi da ke rumfar

A ƙasar Hausa da wuya ka yi jana'izar da babu Musulmi a wurin, dangi ko maƙwabta ko abokan kasuwa, sau da yawa ma su ne suka taya haƙa kabari. Annabi Musa ba baƙo ba ne a wurinsu. Babu annabin da aka ambaci sunansa a Alƙur'ani kamarsa, fiye da sau 130, kuma Suratul Ma'ida ta kawo labarin shekara 40 da aka hana mutanensa shiga ƙasa mai tsarki. A hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito, an ba shi zaɓi ya ɗora hannu a bayan wani bijimi, kowane gashi da hannunsa ya rufe a ƙara masa shekara. Ya tambaya, bayan nan sai me? Aka ce mutuwa. Ya ce to yanzu ma, ya roƙa a kusantar da shi ga ƙasa mai tsarki gwargwadon jifan dutse. Akwai kuma wurin da ake kira Maƙamu Nabi Musa kusa da Yariko, yamma da Urdun, wanda Sarki Baibars na Masar ya gina a 1269, Musulmin Falasɗinu suna ziyartarsa.

Sanin wannan zai taimake ka ka yi magana da mutunci. Ka gaishe su, ka gode musu da suka zo, ka ce labarin wanda suka sani ne za ka karanta kamar yadda yake a Attaura. Kada ka mai da jana'iza filin muhawara, kada kuma ka gauraya ruwayoyin biyu kamar abu ɗaya ne. Ka yi wa'azin abin da ke cikin littafinka, da murya mai daɗi.

Inda za ka sauke wa'azin

Sura 34 ta rufe da cewa ba a ƙara yin annabi kamar Musa a Isra'ila ba. Amma kai mai wa'azin bishara ne, kuma Musa ya sake bayyana. A Matiyu 17, Markus 9 da Luka 9, a kan dutsen da kamannin Yesu ya sāke, Bitrus da Yakubu da Yahaya sun ga Musa da Iliya cikin ɗaukaka suna magana da shi, Luka kuma ya ce zancen mutuwar da zai yi a Urushalima suke yi. Mutumin da aka binne a Mowab yana raye, ana gane shi, yana tare da Almasihu. Wannan ne begen da za ka miƙa wa iyali, ka haɗa da Ibraniyawa 11:13, inda aka ce duk waɗannan sun mutu cikin bangaskiya ba su karɓi alkawaran ba, amma sun hango su daga nesa sun yi murna da su. Kada ka daɗe a nan da bayani. Karanta ayoyin a hankali ya fi.

Abubuwa biyu ka bar su a gida. Wasiƙar Yahuza aya ta 9 ta ambaci jayayyar Mika'ilu shugaban mala'iku da Iblis a kan gawar Musa. Aya ɗaya ce, ba a yi mata bayani ba, kuma idan ka kawo ta wurin biso mutane za su koma gida suna tsoron cewa ana kokawa a kan gawar nasu. Na biyu, tambayar wa ya rubuta labarin mutuwar Musa. Matasa sukan yi ta, kuma tambaya ce mai kyau. Malaman Yahudawa na dā sun ce Joshuwa ne ya rubuta ayoyi takwas na ƙarshe, kalmar "har wa yau" ma ta nuna marubucin ya zo daga baya. Wannan na ajin nazarin Littafi Mai Tsarki ne.

Game da tsawo, minti 15 zuwa 20 ya isa. Kafin a kai kanka an yi waƙoƙi, an karanta tarihin mamaci, wakilan dangi da na zumunta sun yi jawabi, rana ta take, masu nisa suna tunanin mota. Ka rubuta kan maganarka a takarda ɗaya da manyan baƙaƙe: ya gani bai shiga ba, Allah ya binne shi, an yi kuka, Joshuwa ya tashi, an sake ganinsa tare da Yesu. Kada ka kwatanta mamaci da Musa fiye da kima. Mutanen garin sun san shi, sun san halinsa mai kyau da marar kyau, idan ka zuga shi ya wuce gaskiya sun daina yarda da sauran maganarka. A bakin kabari kada ka sake wa'azi. Karanta Zabura 90, wadda kanta ya ce addu'ar Musa ce, ko ayoyi 1 zuwa 4 da ta 12 kawai, ka yi addu'a, ka ba iyali wuri su zuba ƙasa.

Bayan mako guda ko biyu, lokacin da baƙi suka watse aka kwashe kujerun haya, ka koma gidan tare da dattijo ɗaya da shugabar zumuntar mata. Ku zauna da gwauruwa da manyan 'ya'ya, ku tambayi abin da aka bari: kuɗin makarantar wa ya rage, wa zai nome gonar bana, akwai bashi ko babu, wa ake bi. Ku rubuta abin da aka amince a kai da sunan wanda ya ɗauki kowane nauyi, a ba iyali kwafi ɗaya, ɗaya kuma ya zauna wurin sakataren ikkilisiya, ku sa ranar da za ku dawo ku duba.